Roƙon Addu'ar da Na Yi a Zumuntar Mata

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, amma ranar Alhamis ɗin da na miƙe a zumuntar matan cocinmu na nemi addu'a tana nan daram, kuma da ita zan shiga kabari.

Lokacin muna Kafanchan, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa. Maigidana yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ni kuma ina sayar da citta a kasuwa. 'Ya'yanmu biyu, zamanmu lafiya lau. Kawai sai mutumin nan ya daina kusantata. Wata biyar cur yana juya mini baya, in na matso ya ce ya gaji. Ga rama, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ni kuwa da baƙin kishina ban ga ramar ba, abin da zuciyata ta ba ni shi ne wata ce take cinye mini rabo.

Ana nan sai wata abokiyar kasuwa ta raɗa mini cewa kowace Talata tana ganinsa a ƙaramin asibitin mishan, yana shiga ofishin nas su rufe ƙofa. Na san nas ɗin sarai. Sista muke ce mata, ba ta da aure, ga tsafta, ga murya, ita ke ba da waƙa a zumuntarmu. Talata na yi na rufe kayana, na je na laɓe bayan mangwaro. Da idona na ga ta rako shi har wajen kekensa tana murmushi, ta miƙa masa takarda a ninke ya cusa a aljihu. Ranar ko tuwo ban iya haɗiyewa ba.

A zumuntarmu, kafin a tashi uwar zumunta takan tambayi mai roƙon addu'a, kowa ta faɗi damuwarta a durƙusa tare. Sai na miƙe, na gyara ɗaurin zane.

Na ce, "Ku yi mini addu'a. Akwai wata mai farin kaya a cikinmu, kowane Talata tana kulle mijina a ɗaki."

Nas ɗaya ce tak a ikkilisiyar. Duk aka juya ana kallonta. Ba ta ce uffan ba, ta durƙusa tare da kowa, har na ji ta ce amin. Ni a haukata na ɗauka rashin gaskiya ne ya ɗaure mata baki, har daɗi na ji.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na sami maigida zaune a kan turmi, takardun nan a hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Maman yara, ba ni da wani mace. Ciwon suga ne, shi ya kashe mini ƙarfi. Tun farko Sista ya ce in zo da ke, ni ne kunya ya hana."

Na karɓi takardun na duba. Sunayen abincin da zai ci ne da wanda zai bari. Ni kuma duk watannin nan shayi mai sukari cokali uku nake dama masa, wai don in janyo hankalinsa.

Talata muka je asibitin tare. Sista ta ba ni kujera. Ta yi mini bayani dalla-dalla yadda ciwon ke taɓa namiji, da yadda tsoron kasawa ke ƙara dagula abin. Ta ce in koma yi masa acca da ganye, ya riƙe maganinsa, mu riƙa magana da juna, kada in matsa masa, kada kuma mu bi masu tallar maganin ƙarfi a tasha. Na tambaye ta me ya sa ba ta wanke kanta a gaban mata ba.

Ta ce, "Madam, da me zan wanke? Da asirin mijinki?"

Alhamis na sake miƙewa na nemi gafara, na ce ƙarya na yi mata. Wata tsohuwa ta ce, "To, me yake kai shi wurinta?" Yanzu asirin a hannuna yake, ni ma ba zan iya faɗa ba. Don haka rabin matan ba su yarda ba, suka ce lallashina aka yi. Aka karɓe ba da waƙa daga hannunta. Da shekara ta zagayo ta nemi a mayar da ita wajen Gwantu, ban ƙara ganinta ba.

Maigida ya samu sauƙi a hankali, har muka haifi autarmu. Aurena ya tsaya, sunanta ne ya tafi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mijinki ya juya miki baya, ki tambaye shi a ɗaki tun kafin ki tambayi jama'a, ku nemi masu sani ku je tare. Ni minti ɗaya na yi ina magana a tsaye, amma har yau ban iya mayar wa matar nan abin da na ƙwace mata ba.