Iskar Taya Ta Raba Ni da Ƙanena

"Maigida, ai tayoyinka ne ke shanye maka mai," in ji wani mai faci a garin Ƙofa, yana danna tayar akori-kurata.

Lokacin wahalar mai ne, zamanin soja. Sati biyu ke nan da na ƙwace makulli a hannun ƙanena Sule, direbana, na kira shi ɓarawon fetur a gaban jama'a.

Ashe laifina ne. Ni nake rage iskar tayoyin saboda yashin hanyar Badafi, in mun hau kwalta kuma ba na mayarwa.

Na je ba shi haƙuri. Ya ce, "Yaya, ka yarda da mai faci, amma rantsuwata ba ta ishe ka ba."

Har ya rasu bai sake shiga motata ba.

Ku fa, wa kuka taɓa zarga kafin ku bincika?