Barkonon da Ba Ya Yaji

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na zubar wa ogana barkono ba.

A lokacin ina wanke tukwane a wani gidan abinci a unguwar Mushairib, can ƙasar waje, saura sati biyu a sabunta mini takardar zama. Ogan kicin ɗin mutumin Hangari ne, yana da ciwon da ban taɓa gani ba, wato bin asalin kalmomi. Ƙafata tana zugi, shi yana yi mini karatu: wai sunan alkama da sha'ir a yarensu daga kakannin Turkawa suka aro, amma kifi da zuma nasu ne tun fil'azal. Ni da na tsaya a aji huɗu, sai in ce, "Gaskiya ne, oga."

Rannan 'yan ƙasarsu za su zo cin gulash, miyar naman da ya ce sunanta na nufin makiyayi. Ya bar mini tukunya, ya fita. Na buɗe gwangwanin jan barkonon da tsohuwarsa ta aiko masa, na lasa. Ko kusa babu yaji. Na ce a raina an cuci bawan Allah, barkono ya mutu a hanya. Na juye shi a shara, na zuba nawa mai yaji da na sayo a unguwar Sanaiya, ludayi uku, don ina ƙaunarsa.

Da ya dawo ya ɗanɗana, sai hawaye. Ya leƙa kwandon shara ya daɗe. Ni kuwa na fara tunanin wace jaka zan ɗauka zuwa Kano.

"Baba, namu haka yake, ba ya yaji," in ji shi.

"To me ya sa kuke kiransa barkono, oga?"

Tambayar nan ce ta cece ni. Ya share ido, ya ja kujera. Wai sunan barkonon, paprika, shi ma daga maƙwabtansu ya shigo, makiyayan farko kuwa ba su san shi ba sam. Baƙi suka ci burodi da cuku, ni na ci karatu a tsaye.

An sabunta mini takarda. Shekara uku na ƙara ina sauraron asalin kabeji.

Tun daga nan, in na ga abin mutane bai yi mini ba, sai in tambaya kafin in gyara. Amma ina duba ko akwai kujera tukuna.