Akwatin 'Yan Kwikwiyo

A ƙauyenmu kare a waje yake kwana, ya ci ƙanzon tuwo, ba mai koya masa inda zai yi kashi. Sai ga ni a ƙasar waje, a wani gari Greenbelt, can saman bene, ina zaune da 'yan kwikwiyo biyu da mijina ya kwaso daga wajen wata abokiyar aikinsa a asibiti. Bai ko tambaye ni ba. Wai 'yarmu za ta samu abokan wasa.

Lokacin sanyi ne, ba a fita da su. Ya sayo wani faffaɗan akwatin roba, ya zuba dusar katako, ya ajiye a bakin banɗaki. Duk wanda ya shiga ya yi abinsa a ciki, sai mijina ya durƙusa, ya tafa masa, ya ba shi biskit, yana yi masa kirari da Turanci. Ƙaton mutum da gemunsa. Suka kuwa koya.

Ni kuma ina fama da 'yata, ta kusa shekara uku, ta ƙi zama a fo. Gidan renon da ya yarda zai karɓe ta ya ce sai ta daina sa famfas. In ba ta shiga ba, aikin da na samu a wani shagon kitso ya tafi ke nan. Da wannan tunanin nake kwana, da shi nake tashi.

Kwatsam sai karnukan suka bar akwatin. Fitsari a kafet, kashi a bayan kujera, har inda muke zama mu ci abinci. Gwiwoyina suka yi kanta saboda goge ƙasa. Mutumin ya dawo daga aiki yana shinshina ɗaki.

"Maman Bebi, me kika yi musu?"

"Ni na haife su?"

"Tsawar da kike yi ce. Karnukan nan suna cikin damuwa."

"Damuwa! Ni kuma dutse ce, ko?"

Har likitan dabbobi ya fara nema a waya. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido. Na ga dusar tana jiƙewa alhali ba sa shiga. Na ga suna zuwa bakin akwatin, su shinshina, su ja da baya. Na kuma ga famfas ɗin 'yata a bushe.

Ranar hutunsa na laɓe a kicin. Sai ga 'yata. Ta tuɓe famfas da kanta, ta taka cikin akwatin, ta tsuguna tsaf, ta yi fitsarinta, ko ɗigo bai fita waje ba. Ta fito ta tafa wa kanta, ta je gaban ubanta ta miƙa hannu.

"Baba, biskit."

Kansa na cikin waya. Bai ma ji ba.

Na fincike wayar, na ja shi da hannun riga har bakin akwatin.

"Duba! Ga damuwar karnukanka. Yarinyar nan ta iya, ta daɗe da iyawa. Kare ya yi kashi ka yi masa rawa, 'yarka kuwa sau nawa na ɗora ta a fo ka ɗaga kai ka dube ta? Sai da ta koma kwikwiyo ko za ka gan ta!"

Dariya ya fara yi. Wannan dariyar ban yafe ba tukuna. Da ya kalli fuskata sai ya haɗiye ta.

Na ɗauko fo na dangwara a gabansa.

"Durƙusa. Yadda kake yi musu."

Ya durƙusa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta zauna. Da ta gama ya tafa, tana ta washe baki, ni ina tsaye ina kallonsu.

Ta shiga gidan reno, na fara kitso. Shi ya wanke akwatin da hannunsa, karnukan suka koma ciki. Amma har yau in na ji ya tafa wa kare, sai in juya in dubi 'yata.