Yadda Na Miƙa Wa Gara Littattafan Malamina

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni kafinta ne a unguwar Zango, a nan Damagaram, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Na yi karatun allo, na iya rubutun ajami tun kafin in iya riƙe zarto, amma a katako Allah ya ajiye abincina. Da babbar waya ta shigo hannuna sai na kamu da kallon aikin kafintocin Ingila, waɗanda suke auna ɗakin mai hali su ƙera masa kabad daga ƙasa har rufi, ya manne da bango kamar tare aka gina su. Tun daga nan na raina adaka da gado irin waɗanda mahaifina ya koya mini. Abokan sana'a suka laƙaba mini Bature don tsokana, ni kuwa har raina daɗin sunan nake ji.

Wata rana babban ɗan malamin da ya karantar da ni, wanda ke aikin biro, wato ofis, a Yamai, ya zo shagona. Ya ce yana so ya faranta wa tsohonsa, a gyara masa ɗakin littattafai irin na hotunan da nake nunawa. Gidan Malam tsohon ginin ƙasa ne a unguwar Birni, an dai shafe shi da siminti. Littattafan kuwa gadon kakansa ne: Alƙur'ani rubutun hannu, da kundaye, da waƙoƙin wa'azi na ajami da kakan ya tsara, waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Suna cikin gafaka, a cikin adakar maɗaci da aka ɗora a kan duwatsu huɗu, nesa da bango kamar taki ɗaya.

Malam bai so ba. Ya kira ni “ɗana”, kamar yadda ya saba, ya ce tun kakansa ba a jingina littafi da bango a gidan nan, don tsintsiya ta samu hanya, ido kuma ya ga bayan kaya. Hajiya matarsa ta leƙo tana dariya, ta ce in tambayi Turawan nawa ko garar ƙasarsu tana jin Hausa. Na yi dariya ni ma, na ce Allah ya gafarta Malam, zamani ya wuce nan, katakon da zan kawo an yi masa magani tun daga inda aka sarrafa shi. Na faɗi haka ne ban tabbatar ba, a bakin mai sayarwa kawai na ji. Ɗan Malam ya goyi bayana. Daga baya tsohon ya ce to, ba zai mayar da kyautar ɗansa ba.

Sati shida na yi ina aikin. Na manna kabad ɗin da bango ta yadda ko allura ba za ta shiga ba, na sa ƙofofin gilashi a sama, na ƙasa kuma na katako masu makulli. Har na ƙi shafa baƙin mai na korar gara a bayansa, wai kada wari ya ɓata aikin. Da hannuna na kwashe gafakokin daga adaka na jera su a ɓangaren ƙasa na kabad ɗin. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Da ruwa ya sauka, Malam da Hajiya suka rufe ɗakin suka tafi gonarsu a Durum kamar kowace shekara.

Bayan an yi girbi aka aiko in zo. Na shiga na tarar da kabad yana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Malam na zaune a tabarma, ƙofar kabad ɗin ta ƙasa a buɗe. Na durƙusa na sa hannu, sai gafaka ta farko ta ruguje a tafina, ƙasa ce zalla a ciki. Gara ta fito daga bango, ta huda bayan katakon, ta yi damina guda tana ci ba wanda ya gani. Alƙur'anin ya rage rabi. Waƙoƙin kuwa 'yan guntaye muka tsinta, wani da kalma biyu, wani da wasali kawai. Na yi ta tankaɗe ƙasar da yatsuna har la'asar, ban san me nake nema ba.

Da Malam ya zage ni da na samu sauƙi. Ya yi salati ne kawai, ya ce abin da Allah ya hukunta ba makawa. Sannan ya tambaye ni a hankali ko ina tuna waƙar nan ta kakansa da yake rera mana muna yara, don shi idonsa ya yi rauni, kansa ma ya fara saki. Baiti bakwai na iya kawowa, a waƙar da ta haura ɗari. Yanzu duk Juma'a nakan je da takarda da tawada, yana tunawa ina rubutawa. Wani lokaci ya kama baiti ya kai tsakiya ya tsaya, ya dube ni yana jira in ƙarasa, ni kuma ba ni da shi. Sai in bar gurbin fari mu wuce. Watan jiya ya rera mini wani baiti, wannan watan na karanta masa ya ce bai san shi ba.

Na roƙi gafararsa ya ce ya yafe, amma ba shi kaɗai na cuta ba, har da wanda ya rubuta da waɗanda ba su kai ga karantawa ba, kuma su ba ni da hanyar roƙonsu. 'Yan'uwana masu sana'a, koyon aikin wata ƙasa ba laifi ba ne, amma ku tuna ba a ƙasarsu za ku kafa shi ba. Idan tsoho ya hana ku wani abu a gidansa, ku tsaya ku tambayi dalili kafin ku yi dariya. Kuma kada ku ba da tabbaci a kan abin da ba ku gwada ba, musamman idan amanar da za a ɗora a kai ba a sayen irinta a kasuwa. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, su kuma roƙa wa Malam Allah ya bar masa abin da ya rage a kansa har in gama rubutawa.