Hannun Hamisu Mai Kabu-kabu

Tun Hamisu yana yaro a Safo aka san shi da rashin zama wuri ɗaya. Ya yi noma damina biyu, jiran gero ya nuna ya gundure shi. Ya tura kura a Maraɗi, ya ci rani a Katsina har sau uku. Sai da ya hau moto, wato babur, ya fara kabu-kabu tsakanin Madarounfa da Ɗan Issa, sannan ya samu sana'ar da ta dace da jininsa.

A shekararsa ta goma sha ɗaya a kan hanyar, jaki ya gitta masa, ya faɗi ya karye a ƙwauri. Mai ɗori ya ɗora, ya ce kwana arba'in a gida. Hamisu ya yi tara da ƙyar. A na goma ya aika wa taubashinsa Sa'idu kafinta, ya sassaƙo masa sanduna biyu masu gwafa a sama, aka naɗe gwafar da tsumma.

"Da yake Allah ya yi ka kamar giginya, na ƙara musu tsawo," in ji Sa'idu. "Sa su a hamata ka rataya kawai, su za su ɗauke ka."

Ratayar kuwa ya yi. Ya sakar wa hamata nauyinsa duka, yana lilo daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa bakin tafki, ya dawo tasha ya ga wa ya ɗauki fasinjojinsa.

Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai hannun dama ya langaɓe daga wuyan hannu, yatsu suka yi ƙasa kamar ganyen da rana ta doka. Ya yi, ya yi, bai ɗagu ba. Bayan babban yatsa ya zama kamar fatar wani. Da wannan hannun yake murɗa moto, in babu shi babu sana'a.

A tasha aka ce shanyewar jiki ce. Wanzami ya yi masa ƙaho, ya sha rubutu, aka kwatanta masa wani mai magani a bayan gari, can ma ya je. Duk a kan sandunan nan, hannu kuma kullum ƙara mutuwa yake.

Matarsa Balaraba ce ta lura. "Malam, ni dai na ga ranar da ka fi yawo, ranar ya fi lafkewa. Mu je likita."

Majo Sa'adatu, shugabar ma'aikatan jinya a asibitin, ta sa ya yi murmushi, ya ɗaga gira, ya fito da harshe. Ta bi hannun da tsinke tana tambayar inda yake ji. Sannan ta dubi sandunan da ya jingine, ta daɗe tana dubansu.

"Ƙwaƙwalwarka lafiya lau, Malam Hamisu. Ita ke ba da umarni. Saƙo ya gangara ta laka a cikin ƙashin baya, ya fita ta wuya, ya bi wasu fararen jijiyoyi, ba na jini ba, har ƙarshen yatsa. Zafi da sanyi ma ta nan suke hawa sama. Jijiyar da ke ɗaga hannu ta hamata ta bi, kai kuma wata guda kana danne ta. In aka matse tiyon esansi, mai ya daina wucewa, me moto zai yi?"

"Mutuwa."

"Injin ne ya lalace?"

Hamisu ya ce, "To allura nawa za a yi mini?"

"Ko ɗaya. A rage sandunan nan, a sa musu mariƙi, tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi. Naka kuma ba ya riƙo yanzu, don haka zama za ka yi. Jijiya ba ta san gaggawa ba. Wata biyu, ko uku."

Da allura ɗari ta ce, da ta fi masa sauƙi.

Sa'idu ya zo da zarto yana dariya. "Ashe ni na kashe hannun? To kai wa ya ce ka zagaye duniya da ƙafa ɗaya?"

Hamisu ya zauna a zaure, hannun ɗaure a ɗan katako. Kowane moto ya wuce ya san mai shi daga kukan injin. Sau biyu ya miƙa hannun hagu ga sandunan, Balaraba ta ɗauke su ta kai maƙwabta. Kullum bayan la'asar yakan kwance katakon, ya ɗora hannun a gwiwa, ya zuba masa ido yana cewa tashi. Mako shida babu ko motsi. A na bakwai ɗan ali ya ɗan ɗago, ya koma. Hamisu bai gaya wa kowa ba sai da ya sake gani washegari.

Bayan girbi ya koma hanya. Hannun na murɗa moto yadda ya saba, sai dai bayan babban yatsan har yau bai gama farkawa ba, in ruwan alwala ya zuba a wurin sai ya duba da ido.