Jiniyar da Hajiya Lauratu ke ji

Duk unguwar Harra ta Yamma da ke Madina an san Hajiya Lauratu mai wankan gawa, an kuma san ba a aika mata. Kafin a fara kuka a gida sai ka gan ta a bakin ƙofa da ƙullin ganyen magarya da kafur. In an tambaye ta wa ya faɗa mata, sai ta ce jirgi ne ya yi jiniya. Jama'a, ina Madina ina teku! Amma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Jirgin ta san shi tun tana ƴar mitsitsiya. Tsohon jirgin ruwa ne mai cin gawayi, an ƙera shi zamanin tsohuwar sarauniyar Ingila, ya yi shekaru yana jigilar Turawa da buhunan wasiƙu zuwa Indiya. Da ya tsufa aka sayar wa wani ɗan kasuwa, ya riƙa cusa masa alhazai daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda. A cikinsa zazzaɓi ya kashe mahaifiyarta, Hajo. Matan da ke wurin babu wadda ta iya wankan gawa, ma'aikatan jirgi kuwa sauri suke. Suka ɗinke ta cikin buhun wasiƙu, suka ɗaura ƙarfe, aka busa jiniya, aka sake ta a ruwa. Lauratu na kallo.

Abin da ya sa ta koyi sana'ar ke nan. Ba ta ƙara barin Madina ba, ko garin Yanbu da ke kusa ta ƙi zuwa biki, kada ajali ya riske ta nesa da maƙabartar Baƙi'a. Tsoronta ɗaya a duniya, a binne ta babu wanka. Ƴan matan unguwa kuwa, in ta ce su zo su koya, sai su amsa da Larabci su tsere.

Wata ranar bazara da hantsi, shekarar 1981, jiniyar ta busa mata. Ta zagaya gida-gida, kowa lafiya ƙalau, har tsoho Abdou mai tari yana zaune yana shan shayi. Da ta koma ɗakinta ta tarar da tabarma a jiƙe, ga warin gawayi. Ta ɗanɗana ruwan. Gishiri.

Ta kira maƙwabciyarta Fatna, mutuniyar Cadi mai sayar da gyaɗa, ta miƙe a kan katakon wanka, ta ce a koya a jikinta. Fatna na kuka, tsohuwa na yi mata faɗa: a fara da dama, a rufe al'aura, kafur sai a ruwan ƙarshe.

"In kin gama nawa, ki sake wani daga farko," in ji ta. "Na Inna ne. Ta daɗe tana jira."

Bayan la'asar ta cika. Fatna ta yi wankan farko, ruwa ya sauka garau. A na biyu, ruwan rijiya ta zuba da hannunta, amma da katakon ya bushe sai ga farin gishiri kwance a kansa.

Mazan da suka ɗauki makarar zuwa Baƙi'a sun yi ta sauya kafaɗa suna haki. Tsohuwar da yaro zai iya ɗagawa, suka ce, nauyinta ya kai na mutum biyu.