Muryar tsohuwar kwamfutar Baba

Shagon Baba yana bakin titi a Tudun Wadar Zariya, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Surfani yake yi, wuyan kaftani da aljihun babbar riga, da wani inji da ya saya na hannu tun ina firamare. Injin ba ya motsi sai wata tsohuwar kwamfuta ta ba shi umarni, ita kuwa ta girmi wasu daga cikin masu kawo ɗinki. Ranar da ta mutu, maƙwabta har shigowa suka riƙa yi suna masa ta'aziyya, suna ƙyaƙyata dariya. Baba bai yi dariya ba.

Kowa a gida ya san idanunsa sun yi rauni. Yayana da ke Kaduna ya daɗe yana neman dalilin da zai sa a rufe shagon, Baba ya huta, ga dalili kuwa ya zo da ƙafarsa. Amma Baba mutum ne da idan hantsi ya same shi a gida, sai ya kama gyaran ƙofar da ba abin da ya same ta. Na san idan aka raba shi da shagon nan, an gama da shi.

To, abin ya faɗo cikin sana'ata. Daga ɗakina nake aiki da wasu mutane na ƙasashe daban-daban, muna rubuta manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa. Duk wani ƙarfe da ke cikin tsohuwar, sai mu ƙera irinsa da rubutu, har tsohuwar manhaja ta zaci tana gidanta na da. Nawa ɓangaren shi ne tsara zaɓi: me za a bar wa mutum ya kunna ko ya kashe, kuma yaya kowane abu zai zo idan bai taɓa komai ba. Ana ganin aikin kamar ƙarami, amma a kansa muka fi yin faɗa.

Na kwashe abin da ke cikin mamaciyar, na zuba a wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na samo a unguwar Kongo. Gwajin farko, injin ya zabura, zare ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Sabuwar ce take zuba masa umarni da gudun da bai saba ba.

"Injiniya," in ji Baba, sunan da yake kirana da shi ke nan idan zai tsokane ni, "ki ce mata ta bi a hankali. Da dattijo take magana."

Na ƙara zaɓin rage gudu, na yi ta ja da baya har allura ta koma tafiyarta ta da. Baba ya sa mini albarka, na koma gida ina ji da kaina.

Ba a jima ba Inna ta ce mini Baba yana dawowa gida da wuri. Sai kuma na ji ya ɓata wuyan shaddar wani malamin makaranta, don ya danna injin tun zanen bai gama shiga ba, abin da bai taɓa yi ba. Da na je gaishe shi, bai kira ni Injiniya ba.

"Wataƙila yayanki yana da gaskiya," ya ce.

Na fi son ya yi mini faɗa da ya faɗi wannan magana a sanyaye.

Washegari na ɗauki kujera na zauna a shagon ina kallonsa. Ya tura zane, sai na ga bai dubi allon ba, ya karkatar da kai gefe ɗaya yana jira. Can ya gaji, ya kai fuskarsa dab da allon yana ƙanƙance ido.

"Baba, me kake jira?"

"Ita nake jira. Ba ta magana. Waccan idan zane ya shiga sai ta ce ɗit. Idan da matsala, ɗit-ɗit. Wannan kuwa ta cika girman kai."

Dariya ta kama ni har da ƙwalla. Tsohuwar tana da wata 'yar lasifika a cikinta, mai kuka kamar ɗan tsako. Mun ƙera irinta a manhajarmu, amma muka bar ta a kashe, muka cusa maɓallinta can ƙarshen saiti, domin duk cikinmu ba mai ƙaunar ƙarar. Dukanmu kuwa masu lafiyar ido ne. Ashe Baba ya daɗe da barin karanta allo, da kunne yake aiki.

Na kunna. Wata 'yar ƙara mai daɗi ta fito, acaɓa ɗaya da ya wuce ya haɗiye ta.

"A'a, wannan muryar amarya ce," in ji Baba. "Waccan tana da mura."

Haka muka yini. Na ƙara zaɓin ƙarfin ƙara da na kaushinta, ina murɗawa yana yanke hukunci. Wannan ta yi siriri. Wannan kamar kwaɗo. Bayan la'asar na tura wata mai muni, irin wadda ke shiga har haƙori, sai ga mai katifa ya leƙo daga shagonsa.

"Alhaji, ta tashi ne?"

Baba ya buga cinya. "Ita ce!"

Na rubuta wa abokan aikina cewa a fito da maɓallin nan shafin farko. Ɗaya ya ce ba wanda ke buƙatar wannan kukan a zamanin nan. Ban yi masa gardama ba, na ɗauki sautin shagon na tura masa, da janareto da hon ɗin keke da komai, na ce ya ƙanƙance ido ya gwada aiki a ciki. Suka amince, ko da yake har yau yana kiranta lasifikar Zariya.

Ranar Asabar Yaya ya iso daga Kaduna da jawabin rufe shagon da ya shirya tun a mota. Ya tarar da Baba ya juya wa allon baya yana zaɓen zare. Kwamfuta ta ce ɗit. Baba ya miƙa hannu ta baya ya danna, injin ya ɗauka.

"Baba, kana gani kuwa?"

"Ina ji." Ya jawo shi kusa, ya shafa wuyan kaftanin Yaya da yatsa. "Wa ya yi maka wannan aikin? Cire, kada ka kunyata ni a unguwa."

Yaya ya dube ni, na kawar da kai don kada ya ga idona. Da singileti ya zauna a kan benci har aka gama sake masa aikin wuyan.